Jeren Hafsatu a Falon Alhaji

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, a shekarun nan da kuɗin fetur suka fara isowa har Kazaure. Rana ta yi ja a bayan duwatsu, kaji sun fara neman wurin kwana, hayaƙin tuwo ya kwanta a kan unguwa. Fatu ta gama shara, ta yayyafa ruwa a tsakar gida, sannan ta je ta tsaya a ƙofar soron mahaifiyarta da makulli a hannu. Shekara biyu ke nan ba a buɗe soron ba.

Gidan Alhaji Na'Allah babba ne, amma mutum biyu ne kaɗai a cikinsa, shi da 'yarsa Fatu. Matarsa Hafsatu ta rasu. 'Ya'yansa maza, Haladu da Daudu, aiki ya kai ɗaya Kaduna ɗaya Ikko, sai da sallah ake ganinsu, wata sallar ma sai dai wasiƙa. Ita kuwa Fatu mijinta ne ya rasu a hatsarin mota, ta gama takaba ta dawo gidan ubanta, ko ɗa ɗaya Allah bai ba ta ba.

Kuma ita ce 'yar fari. Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi: uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya dubansa ido da ido. To, kowa yana yin wannan kunya, amma ta Alhaji ta yi yawa, wallahi ta yi yawa. Shekara ashirin da shida bakinsa bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." In zai yi tafiya sai ya ce wa ƙofa, "Za a je Kano." Da Hafsatu tana da rai, ita ce take kai magana ta dawo da magana tsakaninsu. Da ta rasu, sai magana ta rasa mai ɗaukarta.

Alhaji bai iya magana ba, amma ya iya sayayya. Da ya bar aikin En'e ya shiga kwangila, sai ya gina ɗakin siminti mai rufin kwano a gefen zaure, ya ce wannan falo ne. Daga nan duk tafiyar da ya yi sai ya dawo da wani abu. Daga Kano ya kawo kujerun kushin masu ruwan ƙasa da leda mai zanen fure ta shimfiɗawa a ƙasa. A gwanjon kayan wani Bature da zai koma ƙasarsu ya sayo agogon bango mai ƙararrawa da teburin katako mai ƙafar zaki. Daga Makka ya zo da darduma ta rataya mai hoton Ka'aba. A kasuwar Babura ya ba mutanen Nijar kuɗinsu na sefa ya karɓi bargunan saƙi guda biyu, ja da baƙi. Ga rediyo mai faifai, ga ƙoran Fulani da wani ya ba shi kyauta a Gwiwa, ga tsohon buzun mahaifinsa wanda gashinsa ya soma zubewa. In ya kawo kaya sai a jibge su a tsakiyar falon, shi kuma ya fice masallaci, bai ce wa kowa komai ba.

Ƙanwarsa Dela, wadda take aure a unguwar gaba, ta leƙa wata rana ta riƙe baki. Ta ce, "Yaya, wannan falo ne ko kasuwa ce ranar cinta? Ai ko ɗan koli ba ya haɗa wannan tarkace."

Amma Fatu tana da ido. Ita ce take shiga bayan ya fita, ta ja wannan, ta matsar da wancan. Ta lulluɓe bayan kujerun kushin da bargunan Babura, sai jan bargon ya tafi da jan da ke cikin dardumar Makka. Ta shimfiɗa buzun kakanta a ƙarƙashin agogon Bature. Ta rataye ƙoran Fulani uku a bango, babba da matsakaiciya da ƙarama, ta ɗora baƙin akushi a kan rediyo. Sai ga kayan da ba su san juna ba sun zauna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Masu dariya suka daina, har wasu suka riƙa turo matansu su gani.

Shi kuwa Alhaji in ya shigo sai ya tsaya, ya dubi nan, ya dubi can, ya ce wa bango, "An yi gyara." Fatu tana bayan labule tana ji. Allah sarki, wannan 'yar maganar ita take riƙe ta har mako guda. Hirarsu ke nan duka: shi ya kawo kaya, ita ta jera, shi ya ce an yi gyara.

To, sai ya kawo wani kabad mai gilashi daga Kano, dogo, mai hawa huɗu. Fatu ta ajiye shi a kusurwar gabas, ta goge shi fes, amma ba abin da za a sa a ciki. Alhaji ya shigo ya duba, ya fita. Mako ya wuce, wata ya wuce, ko an yi gyaran ma ya daina faɗi. Gidan ya yi tsit, har Fatu ta soma magana ita kaɗai in tana goge-goge, don dai ta ji muryar mutum.

Shi ya sa ran nan ta ɗauko makullin soron. Jeren mahaifiyarta yana nan a ciki: tasoshi da kwalla da fanteka da faya-fayai, waɗanda aka kawo Hafsatu da su tana amarya. Fatu ta ce a ranta, in mahaifinta ya ga waɗannan a cikin gilashi, dole ya ce wani abu. Ta san jere a ɗakin mace yake zama, ba a falon maza ba. Ta kuma san ba a buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe da almuru, balle a faɗa masa ba sallama ba bisimilla. Wace yarinya ce ba a gaya wa wannan ba? Amma tana sauri ta gama kafin a sauko daga masallaci.

Ƙofar ta buɗe da ƙyar. Soron yana da sanyi, sanyin da bai yi kama da na ƙarshen damina ba. Abin da ya ba ta mamaki, ko ƙura babu a kan tasoshin, kamar jiya aka goge su. Ta ɗan tsaya. Sannan ta tattare zanenta ta soma kwasa. Sawu tara ta yi tsakanin soro da falo, ladan yana kiran magariba tana rufe gilashin.

Alhaji ya dawo, ya cire takalmi, ya ɗaga labule. Fitilar ƙwai tana ci a kan teburin, haskenta yana dukan kwallayen Hafsatu, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sun yi kyau har ba a magana. Ya tsaya ya daɗe. Fatu tana ganin bayansa ta ƙofar ciki, ta ga ya ɗaga hannu kamar zai taɓa gilashin, sai ya sauke. Bai ce komai ba.

A cikin wannan shirun ne dutse na farko ya faɗo a kan kwano.

Alhaji ya fita da tocila yana cewa yaran unguwa ba su da tarbiyya. Ba kowa a lungu. Yana tsaye a waje wani ya sake faɗowa, sannan wani, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya tsinci ɗaya da ya gangaro gabansa. Ɗan ƙaramin jan dutse ne, kuma da ɗumi, kamar daga hannun mutum ya fito. Ana kiran lisha jifan ya tsaya.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Rana tana faɗuwa jifa zai fara, ana kiran lisha ya daina. Maƙwabta suka hau katanga suka yi tsaro, ba su ga mai jifa ba. Ran kwana na uku murafen kwalla suka soma kaɗawa a cikin kabad, alhali gilashin a kulle yake. Ran na huɗu Fatu ta shiga da safe ta tarar an ture kujerun kushin an juya su suna fuskantar bango, an sauke agogo an kifa shi, jeren kuwa an fito da shi an tsara a ƙasa, manya a ƙasa ƙanana a sama, daidai yadda Hafsatu take tsara shi a soronta. Ta mayar da komai wurinsa, ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa?

Daga nan aka fara jin murya. Da almuru, daga wajen soron, sai a ji kamar mace tana magana ƙasa-ƙasa, irin ta mai aiki ita kaɗai, ba a gane abin da take cewa. Alhaji ya ji, ya ƙara ƙarfin rediyo. Fatu ta ji, ta daina cin abinci. Sai ta riƙa zuwa tana zama a cikin soron da babu komai, ta fuskanci bango, tana gyaɗa kai, wani lokaci har da murmushi. Alhaji yana ganin tuwonsa yana zuwa a makare, yana ganin wuyan yarinyar ya yi tsawo, idanunta sun faɗa. Abin yana cinsa ƙwarai. Amma iyakar abin da ya iya shi ne ya dubi ƙofa ya ce, "A riƙa cin abinci."

Ran kwana na bakwai, tana ɗauke da butar alwalarsa a tsakar gida, ta yi ƙara ɗaya ta zube. Maƙwabta suka kira Dela. Mata huɗu suka kasa riƙe ta. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, a shaƙe, a hankali.

"Ku sake ta. Ba taku ba ce."

Dela ta fito zaure tana kuka, ta samu yayanta zaune ya dafe kai. Ta ce, "Yaya, kana zaune? Ita kaɗai ta rage maka a gidan nan, za a ɗauke ta kana kallo! Ka tashi ka tafi Babura ka zo da Malam Kaumi."

Malam Kaumi tsoho ne Babarbare, iyayensa daga gabas suka zo, mahaddaci ne, kuma an san shi da wannan aiki har cikin Nijar. Washegari da la'asar motar Alhaji ta sauke shi a ƙofar gida, da gafakarsa da 'yar buta. Bai yi gaggawa ba. Ya zaga gidan, ya yi sallama a ƙofar soron kafin ya leƙa, sannan ya shiga falon ya dubi kayan ɗaya-ɗaya.

Ya ce, "Wa ya tsara ɗakin nan?"

Alhaji ya ce, "Yarinyar ce."

"Tana da hankali. A kawo ta nan."

Aka kwantar da Fatu a kan ledar, Dela ta ɗora kanta a cinya. Malam ya zauna a kan buzu, ya sa aka kawo garwashi a kasko ya zuba turaren tazargade. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, rabinsa ciki rabinsa waje. Rana ta faɗi. Dutse ya sauka a kan kwano, Malam ya yi bisimilla ya fara karatu.

Ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Jifan ya ƙaru har kwanon yana amsawa, murafen kwalla suna ta kaɗawa, harshen fitila ya kwanta gefe guda ba tare da iska ba. Sai jikin Fatu ya sandare, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, komai ya tsaya cik. Ta tashi zaune, idanunta a rufe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ta soron ce. Ina nan tun kafin a yi wa gidan nan katanga."

"Musulma ce ke?"

"Musulma."

"To kin san zalunci haramun ne. Me baiwar Allah nan ta yi miki?"

Muryar ta ce, "Ta kwashe mini jere. Shekara ashirin da biyar Hafsatu tana zaune a soron nan, wannan mutumin yana yawon rangadi. Da yamma sai ta sauke tasoshi tana gogewa tana magana. Ba ta san ina nan ba. Ita tana faɗi, ni ina ji, ban taɓa cutar da ita ba. Da ta mutu aka kulle mu tare da kayan, ni nake goge su. Sai wannan ta faɗo mini da almuru ba sallama, ta kwashe su ta kawo cikin baƙin kayan da ban san asalinsu ba, ta kulle su a gilashi. Ta bar ni da bango."

Malam ya ce, "Ta yi kuskure, kuma za a nemi gafararki a kan rashin sallama. Amma kayan na magada ne, ba naki ba. Jifa kika yi don kaya. Shigarta fa, don me?"

"Na biyo kayan ne, sai na ji tana magana ita kaɗai, da irin muryar uwarta. Na saurara kwana uku, ba wanda ya amsa mata. Sai na amsa."

Dela ta rushe da kuka. Alhaji ya riƙe ƙyauren ƙofar.

Muryar ta ce, "Ku mayar mini da jere, ku bar mini ita da yamma kawai. Da rana taku ce."

Malam ya ce, "Ko sa'a ɗaya ba za ki samu ba. Za ki fita daga jikinta, ki fita daga gidan nan, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone."

"Ka ƙona ni, amma ita ta yi nisa, tana can ciki a zaune, ba ta jin karatunka. In na mutu a nan, wa zai dawo da ita?" Kan Fatu ya juya a hankali wajen ƙofa, idanun har yanzu a rufe. "Ta wa ce ma? Tun da uwarta ta mutu ban ji an kira ta a gidan nan ba. In tana da mai ita, ya kira ta. In ta amsa, na rantse da wanda ya halicce ni daga wuta zan tafi, ba zan dawo ba. In ba ta amsa ba, ku bar mini ita."

Dela ta yi maza ta ce, "Fatu! Fatu, ki amsa, Gwaggonki ce!"

"Ke kina da gidanki," in ji muryar. "Lisha na yi za ki tafi."

Malam Kaumi ya dubi Alhaji. "Matso, Alhaji. Kira 'yarka."

Alhaji ya shigo. Ya tsaya a kanta, ya buɗe baki. Ya ce, "Ke." Ya dubi bango. "Yarinya, a tashi."

Tsohuwar muryar ta yi dariya, dariyar da ba ta da ƙarfi, kusan ta tausayi. "Ka ji ko, Malam?"

Malam ya ce, "Alhaji, kunya abu ne mai kyau, iyayenmu sun yi, ni ma na yi. Amma Allah bai ce ka tsaya kana kallo 'yarka ta ɓace saboda ita ba. Kai ka raɗa mata sunan nan a kunne ko ba kai ba?"

"Liman ne," in ji Alhaji. Gumi yana zuba daga ƙasan hularsa. Dattijon da ya yi shekaru yana tsawata wa dagatai, ga shi suna ɗan guntu yana neman gagarar sa. Ya durƙusa a kan ledar, gwiwa biyu, a gaban ƙanwarsa da baƙo. Ya dubi fuskar yarinyar sosai, abin da bai yi ba tun tana cikin zanen goyo, ya ga ashe har ta fara furfura ɗaya a gefen goshi.

Ya ce, "Fatu."

Da ƙyar aka ji shi. Ba abin da ya motsa.

"Fatu." Wannan karon muryar ta fashe a tsakiya. Ya kama hannunta, hannun sanyi ƙalau. "Fatu, ki dawo. Ba ni da kowa."

Ana jin garwashi yana cin turare. Can sai leɓenta ya motsa, wata 'yar murya ta fito daga nesa, tata ta ainihi.

"Na'am."

Tsohuwar ta ja dogon numfashi. "To. Na rantse, zan cika. Zan koma duwatsun Roni, can da babu mai magana." Kan Fatu ya juya wajen kabad. "Tasar nan mai shuɗin baki, ita ta fi so. A riƙa goge ta."

Malam ya ce, "Za a goge. Fita da aminci."

Fatu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta koma kan cinyar Dela. Harshen fitila ya miƙe. A waje aka fara kiran lisha.

Malam ya yi tofi a ruwa, Dela ta shafa mata a fuska ta ba ta ta kurɓa. Alhaji ya saki hannun ya ja baya, yana share fuska da hannun riga. Fatu ta buɗe ido, ta dubi rufi, ta dubi Dela, ba ta san abin da ya faru ba.

Ta ce, "Gwaggo, wa ya kira ni? Na ji wani namiji yana kiran sunana, ban gane muryar ba."

Dela ta dubi yayanta.

Alhaji ya ce, "Ni ne."

Fatu ta zabura ta zauna, ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta sunkuyar da ido ƙasa. Ta ce, "Baba, laifi na yi?"

Alhaji Na'Allah ya girgiza kai. Sai ya zame ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya rufe fuskarsa da babbar riga, kafaɗunsa suna girgiza. Malam Kaumi ya ɗauki butarsa ya fita alwala.